Sabuwar Kwamfuta da Saniyar Inna Hajjo

Ku da kuke zama a bencin ƙofar shagon nan kuna cewa aikin hoto danna-danna ne kawai, wai ko akuya aka miƙa wa waya za ta ɗauka, ku matso in ba ku labari. Ba faɗa zan yi muku ba, na gaji da faɗa. Ni Ummaru, tun gemuna yana baƙi ake ce mini Mai Hoto a garin nan na Boɗinga, kuma kwamfuta iri biyu na yi aiki da su. Ranar da na bar ta farko na koma ta biyu, na ɗauka abu ne mai sauƙi. Saura kaɗan canjin nan ya jawo wa wata baiwar Allah asarar saniyarta.

Aikin farko da aka fara sa ni a sana'ar nan riƙe labule ne. A Shagari na koya, wurin ubangidana Malam Attahiru, Allah ya jiƙansa, lokacin ana amfani da fim. Yana da wani labule mai zanen gidan sama da jirgi a bisansa, ni ke riƙe gefe ɗaya don kada iska ta kaɗa shi, in kuwa yatsana ya fito a hoto, ranar na sha ranƙwashi. Daga labule na koma wankin farantan magani a ɗakin duhu, warin ya kama hannuna har in na zauna cin tuwo ƙannena sai su matsa. Daga nan sai almakashi, yankan fasfo. Na daɗe ƙwarai kafin ya bari in leƙa ta cikin kyamara. Wanda na fara ɗauka wani dattijo ne daga Horo Birni mai niyyar Makka, ya zauna gabana da amawali har hanci. Na ce, "Baba, sai an ga fuska." Ya ce, "Su masu dubawa ba su yarda ni na ba?" Sai da Malam Attahiru ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi gona, ya tambayi iyali, ya lallaɓa shi, sannan dattijon ya sauke amawalin. Ranar na gane rabin aikin nan da baki ake yinsa.

Da fim ya mutu na buɗe nawa shagon a nan, na shiga birni na sayo kwamfuta ta hannu, irin mai akwati da gilashi mai ƙeya. Ku ba ku san nauyin abin ba. Mu biyu muka ɗauko gilashin daga mota, an naɗe shi da bargo kamar mara lafiya. In ta tashi, fankarta na ƙugi, mai shayi na can tsallaken titi ya san na buɗe. Na yi shekaru da ita har na san halinta. Gilashinta yana ɗan karkata ga kore, in na ga fuskar mutum ta yi kore-kore kaɗan, to a takarda daidai za ta fito. Ba wanda ya koya mini wannan, takardar da na yi ta ɓatawa ce ta koya mini. Malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ake turowa daga ko'ina a jihar nan duk ta gabanta suka bi, kowa da gaggawarsa, kowa yanzu-yanzu za a rufe masa ofis.

Sai shekarar da tiransifomar unguwarmu ta ƙone, aka bar mu haka nan, ga mai ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Kai, na sha wuya! Babbar kwamfutar nan ba ta san ana wani hali ba, wuta take sha kamar raƙumi a bakin rijiya. Mutum ɗaya zai shigo neman fasfo, sai na tada janareto, in jira ta gama ƙuginta ta buɗe, kafin in gama man ya cinye ribar har da uwar. Ga wayoyi sun cika gari, biki da suna kowa ya zama mai hoto. Da azahar nake rufe shago in hau keke in tafi fadamar Danchaɗi in taya wana ban ruwan albasa, don dai a sami na cefane. Wani malamin asibiti da nake yi wa aiki shi ya ce mini, "Malam Ummaru, rabu da gingimarin nan. Nemi laftof da ƙaramin sola, ka huta da janareto." Na yi ta jinkiri, daga baya na kwashe ta na kai birni aka yi mini musaya. Da na ga an tura ta ƙarƙashin tebur cikin tarkace, wallahi sai da na ji ba daɗi.

Fasfo na farko da na yi da laftof, na wata malamar makaranta ne, kuma sai da ta yi hamma har ta gaji. Babu maus, wai da yatsa ake shafa wani ɗan faifai. Yatsana mai kanta, in na nufi kunne sai in tsinci kaina a haɓa. Maɓallan sun matsu, in danna ɗaya biyu su amsa. Abin da na saba samu a hannun dama ya koma hagu, firinta kuma ta yi kunnen ƙashi sai da na ɗauke ta na kai birni aka haɗa su. Tsofaffin hotunan mutane da na kwaso a filashi sai da na yi ta lalube kafin in gano inda suka sauka. Duk wannan da sauƙi, na sayi maus na huta, hannu kuma ya saba. Ga shiru, ga sauri, ga shi rana ce ke ba ni wuta kyauta. Abu ɗaya ne na lura da shi: duk hoton da na buɗe sai in ga ya yi duhu. Na ce to halinta ke nan, sai in ƙara haske har ya yi wa idona daidai, in buga.

Ba wanda ya yi ƙorafi, ko mutum ɗaya. Sai ma yabo. "Ummaru, sabon injin nan ya iya mutum!" Akwai wani hedimasta, baƙi ne wuluk, ya kai hotonsa gida, matarsa ta tambaye shi ko na ƙanensa ne. Washegari ya dawo yana dariya ya ce in ƙara masa wasu. Yo wa zai dawo da hoto don ya yi haske? Na zauna ina jin daɗina, ciniki ya dawo, na ma daina zuwa albasa.

Yanzu ga Inna Hajjo. Bafillata ce daga wata ruga ta bayan Danchaɗi, tsohuwa, mijinta ya rasu da daɗewa. Gindin bishiyar nan ta gefen shago take zama da ƙwaryarta tana sayar da fura da nono, tun zamanin babbar kwamfuta. Shanunta sun ƙare, saura saniya ɗaya da take kira Ole, wadda ta fito daga tsatson saniyar da aka ba ta ranar aurenta. Ita ke ci da ita. Ana nan sai muka ga gindin bishiya ba kowa. Sai ga Hali, wani ɗan kabu-kabu da ke kawo ta gari yana mai da ita, ya shigo shago a gurguje. Ya ce an kore Ole daga wurin kiwo, an bar ɗan maraƙinta, tsohuwa tana can tana bin daji tana kira. Ya ce yana da hoto a wayarsa, na wani suna da aka yi a rugar, saniyar ta fito a bayan mutane. Yana so in ciro ta in buga, ya raba wa dillalan kara, wato kasuwar shanu, don saniyar sata ba ta daɗewa, ana kai ta kasuwa a loda ta a mota sai kudu.

Aiki ne mai wuya, kada ku raina shi. Saniyar tana can nesa, rabin gindinta wani mai babbar riga ya tare. Na yanke mutanen, na jawo ta kusa a hankali don kada ta farfashe, na fito da ƙaho da tozo da fatar wuya. Na ga ta yi duhu kamar kullum, na ƙara haske kamar kullum. Ta fito tas. Hali ɗan gari ne, babur ya sani, ya duba ya ce madalla, ya kwasa ya tafi Shagari da Kajiji ya raba. Kasuwa ta ci ta watse, shiru.

Ana gobe kasuwar Shagari za ta sake ci, Inna Hajjo ta zo da kanta da hantsi. Ta rame, ƙafafunta duk ƙaya. Ƙwarya na kanta, amma babu komai a ciki, sabo ne kawai. Na ba ta kujera ta ƙi zama. Ta ce ɗan maraƙin ya ƙi kowace saniya, wadda ya nufa kuma ta harbe shi, da kunu ake ɗura masa, jiya ma da kyar ya tashi. Don in kwantar mata da hankali na ɗauko ragowar hoton na miƙa mata. Ta duba, ta juya shi, ta sake dubawa.

"Ummaru, wagga saniyar wa ta?"

Na ce, "Taki ta, Inna. Ole ta."

"Ole? Yaushe Ole ta koma fara? Wagga kuka ba dillalai?"

A ƙasar nan in ka ce farar saniya, ai ba ka ce komai ba, kara cike take da su. Na zauna a 'yar guntuwar kujerata na buɗe hoton na asali, wanda ban ƙara wa haske ba. Ita tana tsaye a bayana. Sai na ji ta buga ƙirji.

"Ga ta nan! Ga Ole nan cikin gilashi! To mi ya hana takarda ta hito hakanan?"

Na ce, "Inna, wannan ai ya yi duhu, ba a ganin komai. Bari in ƙara haske."

"Kada ka taɓa! Ina duhu? Kai, idonka lahiya?"

Muka yi ta yi, ina cewa duhu, tana cewa ba duhu. Har na fara jin haushi, a raina ina cewa tsohuwa da ba ta taɓa riƙe maus ba za ta koya mini gani. Na miƙe in ɗauko tabarau a kan kanta, da na waiwayo na dubi gilashin daga tsaye, sai ga wata saniya daban. Ba fara ba, ba ja ba, wani launi mai taushi tsakaninsu. Na zauna, ta yi duhu. Na miƙe, ta washe. Na zauna, na miƙe, na sake zama.

Inna Hajjo ta ce, "Salla kaka yi ko aiki?"

Ashe ga inda abin yake. Tsohon gilashina mai ƙeya, ko ta ina ka dube shi launi ɗaya yake nuna maka. Gilashin wannan laftof kuwa sai ka dube shi ido da ido. Teburina dogo ne, don babbar kwamfuta aka yi shi, kujerata kuma gajera saboda ciwon baya, ga murfin laftof ɗin, inda gilashin yake, na tura shi baya. Tun ranar da na kawo ta daga ƙasa nake kallonta, tana nuna mini duhun da babu shi, ni kuma ina ta zuba haske. Mutanen garin nan kaf na wanke su fes, suna ta gode mini. Saniya ce kawai ba ta son a yi mata kwalliya.

Na jawo murfin ya fuskance ni, na buga hoton yadda yake. Ya matso, amma ba ta yarda ba, don firinta ma da nata halin. Na ce, "Inna, ki gwada mini launin da wani abu." Ta waiwaya cikin shago, ta dubi bango, ta dubi labule, ba wanda ya yi mata. Sai ta sauke ƙwaryar kanta ta kife ta a kan tebur. Tsohuwar ƙwarya ce da hannu ya goge ta ta yi sumul. Ta ce, "Awa bayan wagga, in an wanke ta ta bushe. Wuya da tozo sun ɗara cizawa kaɗan." Sai na riƙa buga 'yan ƙanana a gefen takarda, ina canza launin kaɗan-kaɗan, mu fita gindin bishiya mu ɗora a bayan ƙwarya mu duba. Wannan ya yi ja. Wannan ya yi toka. Wannan kamar ta yi rashin lafiya. Tawada na tafiya, gumi na zuba, masu fasfo suna jira a benci suna tsaki, na ce su yi haƙuri ko su dawo. Can wajen la'asar na ɗora wani. Ta sa yatsa ta shafa wuyan saniyar a takarda, ta gyaɗa kai. Na koma ciki na buga manya.

Tun ranar ban ƙara yarda da gilashi shi kaɗai ba. Kun ga katakon nan da ke bayan murfin? Shi ke tsai da shi wuri ɗaya, kada wanda ya taɓa mini shi. Kujera na sa kafinta ya ƙara mata ƙafa. In aiki mai muhimmanci ne sai na buga ɗan ƙarami na fita waje na duba. Hedimasta ya dawo ya ce injina ya lalace, na ce a'a, ranka ya daɗe, warkewa ya yi. Kuma kada ku ji wannan ku ce ina kewar tsohuwar. Ko kyauta aka dawo mini da ita ba na so. Wannan ta rufa mini asiri, ina ɗaukarta a jaka in tafi har ƙauye in yi wa mutane aiki a ƙofar gidansu. Sai dai kowane inji da halinsa, in ka canza sai ka zauna ka koye shi kamar ba ka taɓa sanin komai ba.

Bari in ƙarasa muku. Da safe na rufe shago, Hali ya ɗauke ni sai karar Shagari. Inna Hajjo ta biyo mu a bayan wata a-kori-kura, ɗan maraƙin na kwance a kan cinyarta, don ta ce ba ta barinsa ya mutu ba ta kusa. Muka sami wani tsohon dillali, Malam Buhari, zaune a kan buzu yana cin goro. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa hoton. Ya ce, "Ba kun kawo mani wata fara ba rannan? Na ce wa yaron ga, farare ga su nan, shi zaɓi wadda ya ga dama." Na ce, "Baba, a duba wanga." Ya riƙe shi nesa da ido, ya daina tauna. Ya ce, "Na ga wagga. Waccan kasuwa wani falke ya saye ta hannun wani baƙo. Hantsarta cike, babu ɗa, har na yi magana. Yau za su loda." Ya tashi ya ɗauki sandarsa, tsoho ne amma sai da muka yi sauri kafin mu cim masa.

Can ƙarshen kara babbar mota ta juyo da baya ga tudun lodi, ana ta kora shanu ana ihu. Ga Ole a ɗaure cikin na gaba-gaba, ta rame, ƙura ta rufe ta. Malam Buhari ya ɗaga sanda ya ce a dakata. Falken ya taso, wani ƙato mai rawani a wuya, yana faɗa. Ya ce shi da hannunsa ya saya gaban mutane, ba ɓarawo ba ne. Malam Buhari ya ce ba wanda ya ce shi ɓarawo ne. Ya share ƙurar gefen saniyar da tafin hannu, ya ɗora hoton a jikinta. Mutane suka matso suna dubawa. Falken ya ce, "Hoto ai hoto na. Shanu nawa ka kama da juna?" Direba na ta danna oda, masu lodi na cewa rana na yi.

Malam Buhari ya ce, "Gaskiyarka. A kawo ɗan."

Ni da Hali muka sauko da shi, ba nauyi ko kaɗan. Muka tsai da shi, ƙafafunsa na rawa, ya durƙushe. Muka sake tsai da shi. Ya buɗe baki ya yi wani ɗan kuka da da kyar ake ji. Saniyar ta ɗago kai. Ta yi wani irin kuka mai tsawo, ta fizgi igiya har turken ya motsa. Ɗan maraƙin ya taka, yana tangaɗi, ya faɗi, ya tashi, Inna Hajjo na biye da shi da hannu a ƙarƙashin cikinsa. Duk wanda ke wurin ya san saniya ba ta barin ɗan wata ya taɓa mata hantsa. Ya isa, ya cusa kai. Ole ta juyo da wuya ta fara lasar bayansa.

Falken ya tsaya yana kallo, ya ce, "Allahu akbar." Da hannunsa ya kwance igiyar daga turke ya miƙa wa tsohuwar. Abin da ya rage tsakaninsa da dillalai da wanda ya sayar masa, su suka san yadda suka ƙare.

Inna Hajjo ta tsuguna a gefen saniyar tana yi mata magana da Fillanci a hankali, hawaye na bin fuskarta. Daɗi ya kama ni, na ciro kyamara na matsa kusa zan ɗauka. Ta ɗago hannu, ko waiwayowa ba ta yi ba.

"Bari, Ummaru. Kada ka firgita shi. Bari shi ƙoshi tukuna."

Na sauke. Direba ya kashe mota. Muka tsaya cikin rana, ni da Hali da falke da dillalai da masu lodi, muna jira ɗan maraƙi ya ƙoshi.